Tsibirin da ya yi kusan shekara biyu cikin ruwa, mutanensa ba su tashi ba

Wurin da mutanensa

Akwai wani tsibiri a gundumar Khulna, kudu maso yammacin Bangladesh, wanda kogi ne kawai ya raba shi da dajin Sundarbans. Ba zan kama sunansa ba, don abin da ya same shi ya sami maƙwabtansa da dama, wasu ma fiye da shi. Dubban mutane ne ke zaune a cikinsa, Musulmi da mabiya addinin Hindu, akasarinsu manoman shinkafa da masunta da 'yan ƙwadago. Kogunan da suka kewaye shi da teku suke numfashi: sau biyu a yini ruwansu ya ciko ya tumbatsa, sau biyu ya janye ya bar taɓo. Da damina ruwan daɗi ke rinjaye. Da rani kuwa zartsi ne ke hawowa daga Tekun Bengal, ya kai har bakin gonaki.

A shekarar 2009 ruwa ya ci tsibirin, bai kuma sake shi ba sai bayan kusan shekara biyu. Duk da haka yawancin gidaje ba su ƙaura ba. Wannan nazari ya bi sawun lamarin ne daga tushensa, don a ga abin da ya zaunar da su da abin da zaman ya ci musu.

Kafin 1960 zuwa shekarun 1970: an yi jinga

A da, manoman yankin jingar wucin gadi suke yi, wadda suke kira jingar wata takwas. Da rani a tare ruwan gishiri da ita, da damina a bar kogi ya shigo gonaki da lakarsa. Kogunan Ganges da Brahmaputra suna sauko da laka kimanin tan biliyan 1 kowace shekara, kuma da wannan lakar ce aka gina ƙasar tun asali. Duk shekara sai ta ɗan ƙara wa gona tudu, ta maye abin da ƙasa ta lotsa.

Manyan masu ƙasa ne ke tattara mutane su yi wannan aikin. Da aka soke tsarinsu da dokar 1950, aikin ya rasa mai shi. Bayan manyan ambaliyoyin 1954 da 1955, gwamnatin Pakistan, wadda yankin ke ƙarƙashinta a lokacin, ta ɗauki shawarar ƙwararru daga waje, aka shiga gina jinga ta dindindin irin ta ƙasar Holan daga farkon shekarun 1960. A kewaye tsibiri gaba ɗaya da tudun ƙasa, a sa masa ƙofofin ruwa da ake buɗewa idan kogi ya janye don ruwan sama ya fita. A yau akwai irin waɗannan kewayayyun filaye 139 a gabar Bangladesh. Tsibirinmu ɗaya ne daga cikinsu.

Shekarun farko an ji daɗi. Gishiri ya daina shiga gona, amfani ya ƙaru, mutane suka sauko daga 'yan tuddai suka gina gidaje a inda a da ba a iya kwana. Jingar kanta ta zama hanya, ta zama kasuwa.

Sai dai lakar da ke shiga gona ta daina shiga. Ta koma tana kwantawa a gindin koguna da bakin ƙofofin ruwa, tana cike su. A ciki kuma ƙasa ta ci gaba da lotsawa a hankali, babu mai ƙara mata. Abu ne da ido ba ya kamawa a shekara ɗaya ko biyar. Sai da masu bincike daga jami'ar Vanderbilt ta Amurka da abokan aikinsu na Bangladesh suka auna, suka buga sakamakon a 2015, sannan aka san girmansa: cikin kimanin shekara 50, ƙasar da ke cikin jinga ta yi ƙasa da ta dajin Sundarbans da mita 1 zuwa mita 1.5. Dajin ba a taɓa kewaye shi ba, tudunsa na nan yadda yake. Don a gwada, tashin da teku ta yi a duniya baki ɗaya daga 1901 zuwa 2018 bai wuce kimanin santimita 20 ba. Tsibirin ya zama kwano, ruwa na yawo a bakinsa.

Shekarun 1980 zuwa 2008: gishiri ya shigo ta ƙofa

Abu biyu suka haɗu. Na farko, madatsar Farakka da Indiya ta fara aiki da ita a 1975 ta rage ruwan daɗin da ke saukowa da rani, zartsi ya ƙara samun hanyar hawowa. Na biyu, kasuwar jatan lande ta buɗe a Turai da Amurka da Japan. Masu hali, da yawansu ba 'yan tsibiran ba, suka riƙa karɓar gonaki haya suna mayar da su tafkunan kiwo. Jatan landen da ake fitarwa ruwan gishiri yake so, don haka ƙofar da aka yi don fitar da ruwa aka koma shigo da shi ta cikinta. Inda ƙofa ta yi nisa, sai a huda jinga a cusa bututu.

Wanda ya ƙi ba da gonarsa bai tsira ba, tunda gishirin maƙwabci ba ya tsayawa a iyaka. Itatuwa suka bushe, ciyawar dabbobi ta ƙare, aikin ƙwadago ya ragu, domin tafkin kiwo ba ya buƙatar hannu kamar gonar shinkafa. An yi tirjiya a wurare da dama. A wani kewayayyen fili na gundumar, an kashe wata mata mai suna Karunamoyee Sardar ranar 7 ga Nuwamba, 1990, tana jagorantar zanga-zangar hana shigo da ruwan gishiri, kuma har yau ana tunawa da ita a yankin. A ɓangaren tsibirinmu, sai daf da 2009 manoma suka sami ƙarfin taron dangi suka fara rufe wa gishiri ƙofa don komawa shinkafa.

Guguwar Sidr ta sauka ranar 15 ga Nuwamba, 2007, ta kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar. Mafi munin ɓarnarta ta faɗa gabas da nan. Jingar tsibirin ta tsaya, amma tsohuwa ce, kogi ya ci gefenta, ga hujojin bututu.

25 ga Mayu, 2009

Guguwar Aila ba ta kai Sidr ƙarfin iska ba, ko kusa. Amma ta zo ne a kwanakin tsayuwar wata, lokacin da cikar teku ke kai ƙololuwa, ta tunkuɗo ruwa a kan ruwa. Jingar ta fashe a manyan wurare 5. Mutanen da suka mutu a Bangladesh baki ɗaya kimanin 190 ne, adadi kaɗan idan aka tuna guguwar 1970 da ta ci rai aƙalla 300,000, ko ta 1991 da ta ci kusan 140,000. Ganin adadin bai yi yawa ba, hankalin duniya bai daɗe a kan wurin ba.

Bala'in a bayan guguwar yake. Tunda cikin tsibirin ya fi zurfi, ruwan da ya shiga bai tafi ya barsu ba. Kowace cikar teku sai ya sake kwararowa ta ɓarakar, yana ƙara yage ta, har wasu ɓarakun suka zama koguna masu zurfi. Awon da aka yi ya nuna gonaki na shan kimanin awa 10 a kowace rana ƙarƙashin ruwa mai zurfin kusan mita 1. A dajin da ke tsallaken kogi, irin wannan cikar ba ta yin zurfi haka, kuma ta ɗan lokaci ce.

2009 zuwa 2011: zama a kan jinga

Tudun da ya rage shi ne jingar kanta, inda ba ta fashe ba. Nan jama'a suka hau. Aka jera bukkokin gora da tamfol da ganyen kaba a kan siririyar hanya, dama ruwa, hagu ruwa, mutum da akuyarsa da murhunsa a 'yan taku kaɗan. Mace za ta iya nuna maka inda gidanta yake da yatsa: ga kan bishiyar can da ya leƙo, nan ne tsakar gida. Idan ruwa ya janye a sauka a tono abin da za a iya tonowa, kafin ya dawo a hau. Tafkunan ruwan sha duk gishiri ya shige su, sai a jira kwale-kwalen da ke kawo ruwa ko a tara na sama a tukwane. Banɗaki ya zama babbar wahala, musamman ga mata, waɗanda da yawa sai duhu ya yi suke iya fita.

An yi ƙoƙarin toshe ɓarakun tun da wuri. Mutanen gari suka yi gayya da kwanduna da gora da buhunan ƙasa, suka rufe ƙananan. Manyan sun fi ƙarfin hannu. Aikin na hukumar kula da ruwa ta ƙasa ne, ita kuma sai an ware kuɗi, an ba da kwangila, ɗan kwangila ya kawo kaya. Irin wannan aiki da rani kawai yake yiwuwa, a 'yan kwanakin da cikar teku ta yi sanyi. Aka makara, ranin farko ya wuce, abin da aka ɗan tara babbar cika ta wanke shi, daminar 2010 ta sami mutane a inda ta 2009 ta barsu. Sai bayan kusan shekara biyu aka shawo kan manyan ɓarakun.

A cikin wannan tsakanin ne aka yi ta yanke shawarar tafiya ko zama, gida-gida. Wasu sun tafi, akasari zuwa unguwannin talakawa na birnin Khulna. Abin da suka tarar shi ne ɗakin haya, ruwan saye, aikin yini wanda yau akwai gobe babu. Manomin da ya san ƙasa da ruwa kamar tafin hannunsa, a birni ɗan dako ne ko mai tuƙa keken fasinja. Wasu sun zauna can, wasu suka dawo da labari, labarin kuma ya shiga lissafin waɗanda ba su tafi ba.

Masu zama ba dalilinsu ɗaya ba. Akwai wanda ba shi da kuɗin mota da na haya, ba shi da ɗan'uwa a birni da zai sauke shi. Ga tsoho, ga mai jinya, ga matar da mijinta ya rasu da yara ƙanana. Irinsu ne rahoton da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2011 kan ƙaura da sauyin muhalli ya kira waɗanda suka maƙale: bala'in da ya kamata ya kore su shi ne ya cinye guzurin tafiyar. Akwai kuma mai gona, wanda ko tana ƙarƙashin ruwa gonarsa ce, kuma ya san gonar da mai ita ya yi nisa takan sami wani mai ita. Babu mai sayen fili a cikin ruwa da daraja, sayarwa a lokacin asara ce tsagwaronta. Sunan mutum a jerin masu karɓar tallafi ma yana ƙauyensu ne, in ya tashi ya fita daga jerin. Sannan ga abin da ba ya shiga takarda: mai shagon da zai ba ka bashi don ya san mahaifinka, maƙwabciyar da za ta riƙe miki yaro, kaburburan iyaye, dajin da ake shiga da izini a kamo ƙaguwa da kifi a ɗebo zuma, duk da damisa da 'yan fashin ruwa.

Mafi yawan gidaje kuwa ba su zaɓi ɗaya daga cikin biyun ba. Raba kansu suka yi. Maigida ko babban ɗa ya tafi cin rani, girbin shinkafa a wata gunduma ko aikin gasa bulo na watanni, ya riƙa aiko da kuɗi. Mata da tsofaffi da yara su riƙe wurin. Matan su shiga kogi har ƙirji da raga suna tace 'ya'yan jatan lande su sayar, awanni cikin ruwan gishiri da ke cin fata. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma mutanen nan sun sani. Tafiyar mutum ɗaya ce ke biyan kuɗin zaman sauran. Wani nazari da Clark Gray da Valerie Mueller suka buga a 2012, wanda ya bi gidaje kusan 1,700 a karkarar Bangladesh na tsawon shekara 15, ya sami abin da ya yi daidai da wannan: ambaliya ba ta cika korar mutane ƙaura mai tsawo ba, lalacewar amfanin gona ta fi ta tasiri nesa ba kusa ba.

Wani abu ya faru a shekarun nan biyu wanda ba wanda ya shirya shi. Ruwan da ke shiga yana fita kullum ya riƙa ajiye laka. Kafin a rufe ɓarakun, ƙasar tsibirin ta tashi da gomman santimitoci a wurare da yawa, wato cikin shekara biyu ta rama abin da aka hana ta na shekaru masu yawa.

2011 zuwa 2019: gyara

Da aka rufe jinga, damina biyu-uku ta wanke gishirin sama, shinkafar damina ta dawo. Sabuwar lakar ma ta taimaka.

Noman rani ya fi wuya. Cibiyar binciken shinkafa ta ƙasar ta fitar da irin da ke jure gishiri, BRRI dhan47 a 2007 da BRRI dhan67 a 2014. Irin yana da kyau, amma juriyarsa tana da iyaka, kuma shinkafar rani ban ruwa take so. Ruwan daɗin da za a ba ta yana cikin magudanan da ke ratsa tsibirin, waɗanda da yawa sun cike da laka, wasu kuma masu ƙarfi sun karɓe su haya suna kiwon kifi. Inda aka yashe magudana aka rufe ƙofa a kan lokaci, aka tare ruwan damina, noman rani ya yiwu. Kankana, wadda ba ta shan ruwa kamar shinkafa, ta bazu a yankin ta zama abin samun kuɗi, sai dai ruwan sama ɗaya da ya zo ba lokacinsa ba yana iya kashe ta.

Ruwan sha ya fi komai taurin kai. Rijiyar burtsatse a wurare da yawa zartsi take bayarwa. An gina matatun yashi a bakin tafkuna, suka yi aiki har zuwa ranar da famfo ya lalace babu mai gyara, ko gishiri ya sake shiga tafkin, tunda yashi ba ya tace gishiri. Tankin tara ruwan sama a gida ya fi daɗewa, saboda yana da mai shi, amma ƙaramin tanki ba ya kai gida ƙarshen rani. Binciken da aka yi a ƙaramar hukumar da tsibirin yake ciki ya danganta gishirin ruwan sha da hawan jini ga mata masu ciki, abin da kan kai ga jijjiga, kuma ya fi yawa da rani.

A 2013 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 400 don inganta jingogin gabar ƙasar, tsibirin na cikin rukunin farko. Bayan wasu shekaru aka ɗaga jingar, aka faɗaɗa ta, aka jera tubalan kankare a inda igiya ke duka, aka sabunta ƙofofin ruwa. A wasu wurare an ja layin jingar baya saboda zaizayar kogi, gidajen da suke bakin ruwa suka koma waje da ita. A kudancin tsibirin akwai masu zama a bukkoki kan dirkoki, ruwa na wucewa ƙarƙashinsu, kogi na cin gaba suna ja da baya.

Maganar laka kuwa ba a taɓa ta ba a nan. An san hanyar. A 1997 mutanen wani kwari mai suna Beel Bhaina, arewa da nan, suka yanka jingarsu da kansu don ruwa ya daina kwanta musu. Cikin kimanin shekara 4 laka ta ɗaga ƙasarsu, kogin kuma ya yashe kansa. Hukuma ta karɓi dabarar ta gwada a wasu kwaruruka. Inda ta ci tura shi ne diyya: gona za ta yi shekaru ba noma, kuɗin ba ya zuwa a kan kari, mai noman haya da ɗan ƙwadago kuma ba su da takardar da za su nuna. A 2012 mutanen Beel Kapalia suka ƙi yarda da ƙarfin tsiya, aka fasa.

2020 zuwa 2024: gwaji

Guguwar Amphan ta zo ranar 20 ga Mayu, 2020, ana tsakiyar annobar korona. An kwashe mutum kimanin miliyan 2.4 zuwa mafaka a faɗin ƙasar, waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Wannan aikin shirin ko-ta-kwana ne da gwamnati da ƙungiyar Red Crescent suka kafa a farkon shekarun 1970, mai 'yan sa kai fiye da 70,000, kusan rabinsu mata. Su ne ke ɗaga tuta, su bi gida-gida da lasifika. Sa mata a aikin ya yi amfani, don a da mata da yawa ba sa fita idan maigida ba ya nan, ko su ƙi kwana a cunkushe da maza babu banɗaki nasu. Wasu kuma dabbobinsu ke riƙe su, shi ya sa ake yin tuddan ajiye shanu kusa da mafaka.

Mafi munin fashewar jinga a Amphan ta faru ne a ƙaramar hukumar Koyra ta Khulna da gundumar Satkhira mai maƙwabtaka, inda wasu ƙauyuka suka yi watanni cikin ruwa. Guguwar Yaas ta biyo baya a Mayun 2021, guguwar Remal a Mayun 2024, kowace ta fasa ko ta tsallake jinga a sassan Khulna. Tsibirin bai sake shiga irin halin 2009 ba. Cin rani bai tsaya ba. Ya zama wani ɓangare na shekarar gida, kamar shuka da girbi.

Abin da na gani a lamarin

Ban yarda da masu kiran zaman mutanen nan taurin kai ko jahilci ba. Sun fi kowa sanin ruwan. Sun auna shi da ɗakin haya a birni, suka ga wanda za su iya ɗauka. Haka kuma ban yarda da masu yaba musu juriya su juya baya ba, domin a cikin masu zaman akwai waɗanda da an ba su wurin zuwa na mutunci da sun tafi tun 2009, kuma su ne ke wajen jinga a yau. Shirin da ya ɗauki kowa a matsayin mai son zama zai zalunci waɗannan, wanda ya ɗauki kowa a matsayin mai jiran mota zai zalunci sauran.

Abin da ya yi aiki sosai shi ne wanda aka damƙa wa mutanen wurin: gargaɗi daga bakin maƙwabci, tankin da ke tsakar gida, ƙofar ruwan da manoma suka tsare. Abin da ya gaza shi ne wanda ya dogara da sa hannun wani a nesa, ko wanda aka gina aka tafi ba a bar mai gyara ba. Shekara biyun nan a kan jinga ba Aila ce kaɗai ta jawo su ba. Rani guda da aka yi sakaci da shi ya ninka wahalar.

Abin da ya fi damuna shi ne sabuwar jingar. Ta zama dole, kuma ta saya wa tsibirin lokaci. Amma ta sake rufe wa laka hanya, ƙasar ciki ta koma lotsawa, teku kuma yanzu tana tashi da kusan milimita 4 a shekara. Hanyar ɗaga ƙasar ita ce a riƙa buɗe sashe-sashe ana barin kogi ya shiga na wasu shekaru. Hakan ba zai yiwu ba sai an biya diyya kafin a yanka jinga, an kuma sa mai noman haya da ɗan ƙwadago a cikin jerin masu karɓa, tunda su ne za su rasa aikin yi a shekarun da gonar take cikin ruwa.